Muhawarar Zauren Masu Gyaran Kwamfuta na Katsina: A Kashe Hyper-Threading Ko A Bar Shi?

Kabiru: Salamu alaikum. Jiya an kawo mini sabar wata cibiyar jarrabawa ta kwamfuta daga wajen Kofar Kaura, wato babbar kwamfutar da sauran ke ɗaukar aiki daga gare ta. Mai ita ya ce wani ya gaya masa lallai a shiga BIOS, wato saitin tushe na kwamfuta, a kashe Hyper-Threading, dabarar da ke sa furosesa ta nuna kamar ƙwayoyin aikinta sun ninka, wai ta nan ake sace bayanai. Na ce masa surutun intanet ne. Furosesa tana nuna maka ƙwaya 8, ka kashe ta koma 4, ai kai ka yi wa kanka asara.

Malam Lawal: Wa alaikumus salam. Kabiru, tun farko ba 8 ba ce, 4 ce. Kowace ƙwaya, wato sashen da ke yin lissafi a cikin furosesa, ita ce ke karɓar aiki biyu a lokaci guda. Intel ta fito da abin a 2002, kuma ƙarin saurin da su da kansu suke faɗa kusan kashi 30 cikin 100 ne, ba ninki ba. Matsalar ita ce ayyukan biyu kayan aiki ɗaya suke rabawa. Ka ɗauki gidaje biyu masu jan ruwa daga tanki ɗaya. Ba ka leƙa gidan maƙwabci ba, amma duk sanda ruwanka ya yi rauni ka san ya buɗe famfo. In ka dage kana lura da lokaci, za ka san sa'ar wankansa da ta wankinsa. Haka muguwar manhaja ke yi: tana auna jinkirin da take samu, daga nan ta gano abin da ta kusa da ita ke lissafawa. Wani mai bincike, Colin Percival, ya nuna haka tun 2005, ya ciro makullin sirri na RSA, wata hanyar kulle bayanai, ta wannan hanya.

Kabiru: Ranka ya daɗe, ai wannan a ɗakin gwaji ne. Ni abin da nake gani a shagona kullum shi ne fasuwad 1234 da Windows ɗin sata da filashin da ya zagaya kwamfuta ashirin. Ɓarawon da ya tarar da ƙofa a buɗe mi zai kai shi haƙa rami?

Injiniya Zainab: Malam Kabiru, a kan shagonka kana da gaskiya. Amma kada ka ce ɗakin gwaji kamar wasan yara ne. A Yunin 2018 masu OpenBSD, wani tsarin gudanar da kwamfuta kamar Windows, suka kashe abin gaba ɗaya a tsarinsu, sai wanda ya ga dama ya kunna. A Agusta wata hanyar satar bayanai mai suna Foreshadow ta fito. A Nuwamba sai PortSmash, wadda masu bincike daga Finland da Kuba suka yi amfani da ita suka ciro makullin OpenSSL, manhajar kulle bayanai a intanet. Mayun 2019 kuma ZombieLoad da RIDL, su ma sun fi muni, don ba auna lokaci kaɗai ba ne, ragowar bayanan ɗayan aikin ake lasowa. Kamar ka kai markaɗen wake bayan wadda ta markaɗa tattasai, sai ka ga ƙullinka ya yi ja. A lokacin Google ta kashe Hyper-Threading a kwamfutocin Chromebook.

Kabiru: To ai kin kashe kanki, Injiniya. In da haɗarin ya kai haka, mi ya hana Microsoft kashe shi a Windows?

Injiniya Zainab: Saboda tsada. Apple ta ce cikakkiyar kariyar, haɗe da kashe shi, tana iya cin har kashi 40 cikin 100 na sauri a wasu ayyuka. Wa zai ɗora wa kowa wannan? Sai kamfanonin suka saki gyara ta hanyar sabuntawa, suka bar wa mai na'ura zaɓi.

Malam Lawal: Tambayar da ba wanda ya yi wa mai sabar nan ita ce: manhajar wa ke gudana a kanta? In manhajar jarrabawar ce kaɗai, yara kuma ta wasu kwamfutoci suke shigowa, to babu baƙon da ke zaune a ƙwaya ɗaya da ita. Kashewar ba za ta ƙara masa komai ba sai nauyi ranar da ɗalibai suka cika zaure. Amma in ya yanka sabar gida-gida yana ba wasu haya, wanga wani zance ne daban.

Sadiq: Malam, ni ɗalibi ne, a yi mini afuwa. Burauza fa? Ai duk shafin da ka buɗe manhajar wani ce ke gudana a kwamfutarka.

Malam Lawal: Ka yi tambaya, ɗana. Shi ya sa bayan fitowar Spectre, wata hanyar satar ta auna lokaci, a Janairun 2018 masu burauza suka dusashe agogon da shafi ke iya karantawa, don kada ya auna lokaci daidai. Ba a toshe ramin ba, an dai ƙuntata shi.

Injiniya Zainab: Ni inda abin ya dame ni shi ne sabar haya. Matasanmu masu manhajar POS da sayar da data suna kama mafi arha a waje, ba su san da wa aka haɗa su a ƙwaya ɗaya ba, kuma ga makullan biyan kuɗi a ciki. A nan ba kai ke da BIOS ba balle ka kashe. Sai dai ka tambayi kamfanin ko yana haɗa abokan ciniki biyu a ƙwaya guda. Tsarin gudanar da kwamfuta na Linux, tun sigar 5.14 a 2021, yana da hanyar hana hakan ba tare da an kashe komai ba, in mai sabar ya kunna.

Kabiru: Duk da haka ban sauka daga maganata ba. Ga mai kafe a Katsina, tsoron nan ya fi haɗarin girma.

Injiniya Zainab: Maganarka ta farko ita ce surutun intanet ne. Yanzu ta koma "ga mai kafe". Mun gode da saukar.

Sadiq: 😂 Na kuma ga furosesocin Intel Core Ultra na ƙarshen 2024 ba su da Hyper-Threading ma.

Malam Lawal: Haka ne, amma su Intel dalilin da suka bayar na wuta ne da batir, kada ka jingina shi ga tsaro. Kabiru, sabar nan yaushe rabon da a sabunta BIOS ɗinta?

Kabiru: Bari in duba. An ɗauke wuta, sai na tayar da janareto.