Manhajata tana mutuwa da zarar na rufe SSH

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kama sabar mai Ubuntu, RAM ɗinta giga 1. Na shiga ta SSH (hanyar shiga sabar daga nesa), na jawo manhajata ta Node.js da git clone, na tashe ta da node app.js a ƙofa ta 3000, Nginx, mai karɓar buƙatun masu ziyarar shafi ya miƙa mata, na gabanta. Tana aiki lafiya lau, amma ina rufe tagar umarni sai shafin ya koma nuna saƙon kuskure na 502 Bad Gateway. Sannan npm run build yakan yanke da kalmar Killed. Don Allah a taimaka.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, laifin ba na Nginx ba ne. Manhajar a ɗaure take da zaman SSH ɗinka. Idan ka fita, ana aika mata siginar SIGHUP, ta mutu. Nginx ya leƙa ƙofa ta 3000 bai samu kowa ba, shi ne 502 ɗin. Ka ba pm2, mai sa manhaja ta ci gaba da aiki ko ka fita, riƙonta:

npm install -g pm2
pm2 start app.js --name shafi
pm2 startup
pm2 save

Umarni na ukun zai fito maka da wani layi mai sudo. Kwafe shi ka buga. A nan mutane da yawa ke sakaci, sai ranar da sabar ta sake tashi su tarar da shafi a kwance. In 502 ya dawo, duba ss -tlnp ka ga ko akwai mai sauraro a 3000, sannan /var/log/nginx/error.log.

Amsa ta biyu: Killed kuwa RAM ce ta cika, Linux ya kashe aikin da ya fi cinye ta. Yi swap, wato wuri a faifai da ke tallafa wa RAM, na giga 2, kowane umarni da sudo: fallocate -l 2G /swapfile, chmod 600 /swapfile, mkswap /swapfile, swapon /swapfile, ka kuma rubuta shi cikin /etc/fstab don ya ɗore. A ganina ma gara ka yi build ɗin a kwamfutarka ka tura sakamakon zuwa sabar da rsync, umarnin kwafar fayiloli.

Amsa ta uku: Ɗan'uwa, kafin ka kunna ufw, katangar tsaro ta Ubuntu, fara buga ufw allow OpenSSH, in ba haka ba ka kulle kanka a waje. Buɗe ƙofa ta 80 da 443, waɗanda ake shiga shafin ta su, bar 3000 a rufe. Kada kuma fayil ɗin .env, mai ɗauke da bayanan sirri na manhajar, ya shiga git. Ƙirƙire shi a sabar kai tsaye.

Mai tambaya: Pm2 da swap sun yi, shafin na tsaye. Na gode, Allah Ya ƙara ilimi.