Ruwan wanke gilashin motata ya daskare, ya ƙi fesowa

Assalamu alaikum. Ina Winifeg a Kanada, sanyi ya kai digiri 28 ƙasa da sifili. In na ja sandar waifa ina jin ƙugin famfon, amma ko ɗigo ba ya fitowa. Da ruwan wanke gilashi na lokacin zafi, wanda ba ya jure sanyi, a tankin na sayi motar. Na ƙara wani ruwan mai jure sanyin digiri 40 ƙasa da sifili, sai ya kwanta a saman ƙanƙarar kawai. Na tsokale ramukan feshin da allura, na bar injin ya yi zafi sosai, shiru. Gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara yana rufe gilashin, da ƙyar nake ganin hanya, ga yara ina kaiwa makaranta.

Don Allah yaya zan narkar da tankin da tiyonsa, tunda ba ni da gareji mai ɗumi?