Bonet ɗin motata yana karkarwa: injin sit zan canza ko bonet ɗin?

Baban Ummi, Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda abin ya taɓa samu. Corolla gare ni ta 2005, 'yar Amurka, injin 1.8, giya otomatik. Tun bayan damina bonet ɗin ya fara karkarwa. In na tsaya a cunkoson Anloga Junction a nan Kumasi, giya tana D ƙafata tana kan birki, sai ka ji kar-kar-kar daga gaba, kana ganin kusurwar dama tana rawa da idonka. In na kunna esi abin ya ƙaru, har sitiyari yana ɗauka. In na mayar N sai ya lafa, amma ba ya ɗaukewa duka. A kan gudu kuwa, daga 80 zuwa sama, bakin bonet ɗin yana ɗan ɗagawa yana komawa.

Fitana, wato makanikena, ya ce injin sit ne, robobin da inji ke zaune a kansu, a canza huɗun duka, sidi 2,400 har kuɗin aiki. Mai gyaran bodi ya ce ƙarfen cikin bonet ne ya rabu da na waje, in sayo hom-yus, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, a Magazin, kasuwar kayan mota ta Suame, a yi masa fenti, 1,800. Wani yaro mai haɗa sifika kuma ya ce a manna masa baƙin gam ɗin nan mai kashe ƙara, 600. Kuɗin ɗaya kawai gare ni, ga shi ƙarshen wata zan kai iyali Tamale bikin ƙanwar maiɗakina. Da wanne zan fara?

Ɗan Tafo:
Wa alaikumus salam. Fulogi ne Yaya. Vitz ɗina haka ta yi, na canza fulogi da koyil ɗaya, shiru kake ji.

Sarkin Samarin Asawase:
Kawu, ƙara muryar rediyo. Tun 2019 da haka nake maganin ƙarar motata, ban biya kowa ba.

Masta Na Magazin:
Baban Ummi, kada ka fitar da ko sidi ɗaya tukuna. Gobe da safe a ƙofar gida ka sa wani ya zauna a ciki, ya ja hambirki, ya taka birki sosai, ya sa D. Kai ka tsaya a gefe, ba a gaban mota ba, ka ɗora tafin hannu a kusurwar da ke rawa ka danna. In ƙarar ta ɗauke, bonet ɗin ne bai zauna daidai ba. Ka buɗe, za ka ga robobi baƙaƙe masu zare a gaba, hagu da dama, a kansu yake sauka. Motar da ta kai shekara 20, robar nan ta bushe ta lotsa, wani sa'in ɗaya ma ta faɗi a hanya mai mota bai sani ba. Murɗo su waje rabin juyi, ka rufe ka gwada. In kana son tabbatarwa, shafa musu giris a kai, ka rufe ka buɗe, ka duba ko sun bar tambari. Wadda ba ta bar tambari ba, ba ta taɓawa.

Sai ƙugiyar tsakiya da ke riƙe bonet. In ta yi sako-sako, a sassauta notocinta, a ɗan saukar da ita, a ɗaure tam. Ka duba kuma sandan da ake tokare bonet da shi, kilif ɗinsa yana karyewa, sandan ya riƙa dukan ƙarfe.

Maganar D da esi kuwa, wannan alamar injin sit ce, fitanka bai yi ƙarya ba. Amma ba dole sai huɗun ba. A injin 1ZZ irin naka, na gefen fasinja, kusa da bel, mai ruwa ne a ciki, kuma galibi shi ke fara mutuwa. Haska tocila, in ka ga baƙin ruwa ya zubo ya bushe a ƙarƙashinsa ko robar ta tsage, shi ne.

Direban Techiman:
Baban Ummi, don girman Allah kada ka ɗora iyalinka a hanyar arewa da bonet mai ɗagawa. Ni na ga abin da idona. Primera ce da ni, ina jigilar mata 'yan kasuwa zuwa Techiman. Irin ƙarar nan ta dame ni, na kai wa wani fita da na sani tun yana yaron wani. Ya ce in bar ta in dawo da la'asar. Na dawo ƙara ta ɗauke, na biya, har na ƙara wa yaransa na koko. Ashe abin da suka yi, sun yanko tsohuwar taya sun cusa a kusurwoyi, bonet ya ƙi rufuwa, sai suka lanƙwasa ƙaramar ƙugiyar nan ta biyu, wadda kake sa yatsa ka tura kafin ya buɗe, don ta bar su su rufe.

Mun wuce Offinso lafiya. Daf da Akomadan wata tirela ta taho daga arewa, muka gitta, iskarta ta shiga ƙarƙashin bonet. Ban ji komai ba sai bam! Gaba ɗaya duniya ta yi baƙi. Bonet ya kife a kan gilashi, gilashi ya farfashe, wata baiwar Allah a gidan gaba tana ta salati, ɓaraguzai sun cika mata zani. Ta ɗan ramin da ya rage a ƙasa, tsakanin bonet da dashbod, na riƙa leƙen farin layin gefen titi har na tsaya. Masu tumatir na bakin hanya ne suka zo suka taya ni danne shi, muka ɗaure da igiya.

Da na koma wurin mutumin nan, cewa ya yi wai ni ne ban rufe da kyau ba. Dattawa suka shiga, ya yarda zai gyara. Motar ta yi watanni a garejinsa, ruwa na dukanta, rana na dukanta. Ranar da na karɓo, batirina sabo ya zama tsoho, jak babu, safaya babu. Fasinjojina duk sun koma wa wani. Yanzu motar mutane nake ja. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Hajiya Mai Atamfa, Kejetia:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya saka maka ɗana. Ku maza ma kenan. Mu in mace ta shiga gareji ita kaɗai, kafin ta gama sallama an ninka kuɗi. Tawa murfin salansa ne ya kwance, ƙaramin faranti, noti biyu. Aka ce mini giyabos ne zai tafi. Sai da ƙanena ya kwanta a ƙarƙashi ya taɓa shi da hannu ya yi ƙara.

Ɗan Tafo:
Direba, sunan fitan za ka faɗa mana mu guje shi.

Direban Techiman:
Ba zan faɗa ba, surukin wani ne a unguwarmu. Yana karanta wannan, ya san kansa.

Masta Na Magazin:
Abin da aka yi maka ba aiki ba ne Direba, ganganci ne da rayukan mutane. Ƙugiya ta biyun nan don ranar da ta farko ta saki aka yi ta. Amma ku daina yi wa fitoci kuɗin goro. A nan Suame akwai waɗanda tun kafin a haifi wasunku suke sauke inji.

Alhaji Na Alabar:
2,400 ya yi yawa. Ni miliyan huɗu na canza wa yarona na gefen fasinjan, bara waccan.

Sarkin Samarin Asawase:
Miliyan huɗu?! Baba, injin sit na jirgin sama ka saya?

Baban Ummi, Aboabo:
Ka yi hankali da bakinka, Alhaji da tsohon kuɗi yake lissafi. Tun 2007 aka yanke sifiri huɗu, shi bai yanke ba. 400 yake nufi.

Malam Na Sawaba:
Ni kuma wancan watan 850 aka ce mini shi kaɗai, hom-yus. Sabo na kwali 300. Ban gane yadda tsoho ya fi sabo tsada kusan ninki uku ba.

Mai Sifiya, Suame:
Malam, na kwalin nan roba ce zalla aka zuba, babu ruwa a ciki, ko da an buga masa sunan Toyota. Ka ɗaura shi yau, karkarwar ta fi ta da, don robar ta yi tauri tana miƙa girgizar inji kai tsaye cikin bodi. Hom-yus mai kyau 700 nake bayarwa. Wanda Alhaji ya saya a 400, ina tsammanin irin wanda ake cikawa da gam a fesa masa baƙin fenti ne.

Alhaji Na Alabar:
Har yau yana kan motar, yaro. Ka iya bakinka.

Boga Na Hamburg:
Salamu alaikum 'yan gida. Ni a nan Jamus na yi shekaru a wurin gyaran bodi. Mai bodin Baban Ummi yana da gaskiya a rabi. Bonet ƙarfe biyu ne, fatar waje da ƙashin ciki, an haɗa su da ɗigo-ɗigon gam. Zafin inji da na rana yana busar da gam ɗin ya saki. Ka cire bargon da ke manne a ciki, ka ƙwanƙwasa da yatsa, inda ya saki za ka ji yana amsawa daban. Ba sai an sayi wani bonet ba. Gam ɗin da ake manna gilashin gaba da shi, a matsa shi a tsakanin ƙarfen biyu, a bar shi ya kwana. Baƙin gam na mai sifika kuma amon faranti kawai yake ragewa, ba ya ɗaure abin da ya kwance. Kuma kada wani ya ce maka a cusa soson katifa a madadin bargon, yana shan mai, wuta yake kamawa. Amma gaskiya tun farko kamata ya yi a sa mata kwamfuta a gani.

Masta Na Magazin:
Boga, kwamfuta ba ta ganin robar da ta lotsa. Ku can titinku sumul, mota ta shekara 15 ku loda mana ita a kwantena. Zo ka bi ramukan bayan Aboabo da tudun rage gudu da kowace unguwa ke ginawa da kanta, sannan ka koya mana aiki.

Boga Na Hamburg:
Masta, ban raina ka ba. Amma silo, wato juyin inji in mota tana tsaye, in ya faɗi ƙasa, ko fulogi ɗaya yana tsallake, inji zai yi rawa ko da injin sit sabo ne. Wannan kwamfuta tana nunawa.

Ɗan Tafo:
To ba ga shi ba! Tun farko na ce fulogi, aka share ni don ba ni da gareji.

Hajiya Mai Atamfa, Kejetia:
Kai ma mai Vitz har ka samu bakin magana a gaban Masta?

Baban Ummi, Aboabo:
Na gwada na Masta. Robar gefen dama babu ita kwata-kwata, rami ne kawai. Da na danna da hannu ƙarar ta ragu sosai, amma sitiyari yana nan yana rawa. Injin sit na gefen fasinjan kuma akwai baƙin abu a ƙasansa, ban sani ba ko ruwansa ne ko man inji. Ƙugiya ta biyu tana kamawa, na ja da ƙarfi. Shin kilomita wajen 380 zuwa Tamale, zai kai ni a haka in na sa roba, ko dole sai na canza shi kafin tafiya?

Malam Na Sawaba:
Ni Mai Sifiya nake so ya ba ni amsa. Lokacin da dala ta haura sidi 15, kullum muka zo sai ku ce dala ce. A 2025 ta sauko wajen 10, me ya sa kayanku ba su sauko tare da ita ba?

Mai Sifiya, Suame:
Kayan da ke shagona da tsohuwar dala na sayo su, Malam. Ka je tashar jirgin ruwa ta Tema ka fitar da kwantena ɗaya, ka ga takardun da za a miƙo maka, da kuɗin ajiya in ta kwana, da na motar da za ta kawo ta Kumasi. Mu ma yawanci daga kasuwar Abossey Okai ta Accra muke saro wasu, su ne za ku tambaya.

Direban Techiman:
Kullum tsohon kaya! Da dala ta hau, a ranar kuka ƙara kuɗi, ba ku ce tsohon kaya ba ne.

Mai Sifiya, Suame:
Ku kuma direbobi da fetur ya sauka, sai da aka yi ta faɗa da ku a tasha kafin ku rage kuɗin mota. Kuma akwai mutum biyu a nan da suka karɓi shokobza bashi tun kafin azumi, ban kira suna ba.

Alhaji Na Alabar:
In da ni kake, na aiko yaro da rabi, kai ne ba ka shago.