Faɗaɗa gandun shaƙatawa a bakin birni: wane fili ake fara kamawa?

Lami_Gandu: Assalamu alaikum. Idan za a ƙara wa gandun shaƙatawa faɗi alhali gine-gine na ta matso shi, wane fili ya kamata a fara kamawa, kuma me ke yawan rusa shirin?

Mai_Safiyo: Wa alaikumus salam, Malama. Kada yawan hekta ya ruɗe ki, dubi siffar filin. Zafi, iska da hayaniya kan ratsa daji kimanin mita 100 daga bakinsa. Hekta 100 mai kusurwa huɗu, mita 1,000 kowane gefe, za ta bar miki hekta 64 a tsakiya lafiya lau. Idan kuwa ta zo siririya, faɗi mita 200 tsawo kilomita 5, babu abin da zai rage. Siririn fili yana da amfani ne in zai zama burtali tsakanin dazuzzuka biyu.

Sannan a gama safiyo, a tantance masu takardun mallaka, a dakatar da ba da izinin gini kafin a yi shela. In aka fara da shela, dillalai za su saye filayen su yanka fuloti, diyya ta ninka. A kafa duwatsun iyaka na siminti, a kuma shigar da taswirar cikin doka.

Dakta_Habu: Batun burtalin nan shi ne komai. Gandun namun daji na Nairobi a Kenya, da aka kafa a 1946, bai wuce murabba'in kilomita 117 ba. An katange shi ta gefe uku, an bar kudu a buɗe don dabbobi su riƙa fita filayen Kitengela. To filayen na mutane ne, aka yi ta yankawa ana kewayewa da waya, ƙaurar dabbobin ta ja baya sosai. Daga baya aka koma biyan masu filaye kuɗin haya don su bar su a buɗe. Wannan ya fi sayen fili araha, amma sai an ware kuɗinsa kowace shekara, in ya tsaya waya ta dawo.

Hajiya_Tsirrai: Ni dai a fara da mafarin ruwa. Dajin Tijuca na Rio de Janeiro gonakin kofi ne suka cinye shi, sai ƙarancin ruwa ya sa aka soma sake dasa shi a 1861. Hukuma ta fi saurin sakin kuɗi idan ruwan shan birni ake karewa. A dasa itatuwan asalin yankin, a tara wurin ajiye motoci, bayi da filin wasa kusa da ƙofa, a bar tsakiya ga hanyar ƙafa kawai. A share layin tare gobara kafin rani ya kama.