Kwana uku bayan taro a Las Vegas: wane kwazazzabo zan taka da ƙafa?

Baban Yara, Bauchi:

Assalamu alaikum jama'a. In Allah ya yarda zan halarci wani taron aiki a Las Vegas cikin watan Agusta, kuma akwai kwana uku tsakanin rufe taro da jirgin dawowa. Ina so in ga Grand Canyon da Zion da Bryce, gandayen shaƙatawa uku na gwamnatin Amurka, in taka da ƙafata, ba leƙe daga cikin mota ba. Mu biyu ne da abokin aikina, duk mun haura hamsin amma da sauran ƙarfi, kuma za mu yi hayar mota. Niyyata ranar farko mu sauka har bakin kogin Colorado da ke ƙasan Grand Canyon mu hauro. Rana ba ta dame ni ba, tunda mun saba da zafin Afrilu. Yaya zan raba kwanakin, me kuma zan riƙe?

Injiniya, Gombe:

Wa alaikumus salam Yallaɓai. Don Allah ka cire maganar kogi daga lissafi. Hukumar gandun da kanta tana gargaɗin kada a sauka zuwa kogi a hauro a yini ɗaya, balle a Agusta. Bakin kudu na Grand Canyon yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,100, shi ya sa da safe za ka ji sanyi mai daɗi. Kogin kuwa yana can ƙasa da kusan kilomita ɗaya da rabi, inda zafi kan wuce digiri 40. Kana sauka zafi yana ƙaruwa.

Abin da ke kayar da mutane shi ne gangara ake fara yi. A Dutsen Zaranda, idan ka gaji da hawa sai ka juya, gangara ta maido ka gida. A can kuwa da sabon ƙarfi za ka yi ta zurarawa ƙasa ba ka ji komai ba, sai rana ta take, ƙafa ta mutu, sannan hawan ya same ka. Ƙa'idar ma'aikatan wurin ita ce hawa yana cin ninki biyu na lokacin sauka. Saboda haka da agogo ake tsara tafiyar: in awa uku gare ku, awa ɗaya na cika ku juya, ko a ina kuka kai.

Hanya biyu ce ta dace da ku. South Kaibab ta fi buɗe ido, amma ba ruwa a kanta ko ɗigo, inuwa ma kaɗan ce. Zuwa wurin kallo na Ooh Aah Point da dawowa kusan kilomita 3 ne, zuwa zangon Cedar Ridge da dawowa kusan kilomita 5 da gangaren mita 340. A lokacin zafi kada ku wuce Cedar Ridge. Ba a barin motar mutum ta kai bakin wannan hanya, bas ɗin gandun ake shiga. Bright Angel kuwa tana da ɗan inuwa da rumfar hutu a kilomita 2.4 da kuma 4.8. Akan samu famfo a wurin lokacin bazara, amma bututun yana yawan fashewa, don haka a tambaya a ofishin baƙi tun ana gobe tafiya, kuma kada a dogara da shi. Ku fara da fitowar rana, kafin ƙarfe goma ku kasance kun hauro. In kun gamu da ayarin alfadarai, ku tsaya ta gefen dutse, ku bi umarnin mai jan su.

Sai nisa. Daga Las Vegas zuwa bakin kudu kusan kilomita 450 ne, awa huɗu da rabi. Daga can zuwa Zion wasu awa biyar ne. Wuri uku a kwana uku, rabin lokacinku a kan sitiyari zai ƙare.

Ɗan Kaltungo:

Injiniya ya yi gaskiya, ni ma zan ƙara da cewa Baba ka bar Grand Canyon zuwa wani jiƙon. Zion awa uku ce ko ƙasa da haka daga Las Vegas, Bryce kuma awa biyu daga Zion. Ku kwana biyu a Springdale, garin da ke ƙofar Zion, ku ba Bryce yini ɗaya.

A Zion bas ne kawai ke shiga cikin kwarin a wannan lokaci, layi kuma yana tsawo tun da hantsi, sai a yi sammako a kama na farko. Hanyar hawa dutsen Angels Landing da kowa ke ɗorawa a Facebook tana buƙatar takardar izini tun Afrilun 2022, ta hanyar ƙuri'a a recreation.gov, akwai ta watanni kafin lokaci, akwai ta ana gobe. Ƙarshenta siririn doron dutse ne da ake bi ana riƙe da sarƙa, rami hagu da dama. Mai jin jiri a sama kada ya gwada. Ba sai da izini ba ake hawa har Scout Lookout, wurin kallo a kan wannan hanyar, bayan lanƙwasa 21 da ake kira Walter's Wiggles, kuma abin da ido zai gani a nan ya isa.

The Narrows tafiya ce a cikin kogin Virgin tsakanin bangayen dutse. Nan ne hatsarin Agusta yake, domin daga Yuli zuwa Satumba lokacin hadari ne. Ruwa kan sauka a wani tsauni mai nisa, sama a kanka garau, sai ambaliya ta taho ta cikin matsatsin da ba wurin gudu. A Satumbar 2015 mutum bakwai suka rasu haka a Keyhole Canyon cikin Zion. Kowace safiya a duba hasashen ambaliya a ofishin baƙi. Suna rufe hanyar idan gudun ruwan ya wuce kimanin lita 4,200 a sakan. In kana ciki ka ga ruwa ya fara yin ja, ko yana kawo karmami da itace, ko ka ji rugugi daga sama, ka haye tudu nan take. A yi hayar takalmin ruwa da sanda a Springdale, duwatsun ƙasan suna da santsi. Kada a sha ruwan kogin, kada a nutsa kai, akwai gansakuka mai dafi a cikinsa.

Bryce ta fi sauƙi ga jiki, tsayinta ya haura mita 2,400, ba zafi sosai. A haɗa hanyoyin Queen's Garden da Navajo Loop, kusan kilomita 4.6. Numfashi zai yi gajere saboda tsayin, a tafi a hankali, kuma a bar bakin dutse in an fara tsawa da rana.

Abu biyu da ake mantawa: a Agusta agogon jihar Utah, inda Zion da Bryce suke, yana gaban na Nevada (Las Vegas) da Arizona (Grand Canyon) da awa ɗaya. Sannan daga farkon 2026 an ɗora wa waɗanda ba mazauna Amurka ba ƙarin dala 100 kowane mutum a waɗannan gandaye uku, ko katin shekara na dala 250. Ga mutum biyu masu shiga wuri biyu, katin ya fi araha, tunda kati ɗaya ya ishe su.

Malama, Yelwa:

Alhaji, maganar sabo da rana ce ta sa na sa baki. Zafin gida a inuwa muke shan sa, da randa kusa. Can hawan dutse ne, iska busasshiya, gumi na bushewa kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka rasa ruwa ba. Kowane mutum ya riƙe lita uku don tafiyar safe, a bar wata jarka a mota, a yini a sha kamar lita huɗu. Amma ruwa zalla ba tare da ci ba shi ma ciwo ne: gishirin jini yana raguwa, sai tashin zuciya, ciwon kai da ruɗewa, har a zaci ƙishi ne a ƙara ɗura ruwa. Duk awa a ci wani abu mai gishiri, soyayyar gyaɗa ko biskit, da dabino, a riƙe ƙullin gishiri da sukari na kemis. Kilishi da dambun nama a bar su a gida, kwastan ɗin Amurka ba sa barin nama ya shiga, kuma duk abincin da ke jaka a bayyana shi.

Wanda ya fara magana ba kan gado ko yana tangaɗi, a kai shi inuwa, a jiƙa masa riga da kai, a nemi agaji. Waya ba ta samun sabis a yawancin kwazazzabon, don haka a sauke taswira tun a masauki, a gaya wa wani hanyar da aka bi da lokacin dawowa. Mai shan maganin hawan jini ko na suga ya ga likitansa kafin tafiya. Sabon takalmi kuma a fara taka shi tun a Bauchi, a yanke farce, don gangara tana tura yatsu gaba.

Alƙibla a can arewa maso gabas take, ta fi karkata arewa.

Baban Yara, Bauchi:

Allah ya saka da alheri. Na haƙura da kogi. Amma a ce na je har can ban ga Grand Canyon ba? Na ga ana tallar wata gadar gilashi kusa da Las Vegas.

Injiniya, Gombe:

Wannan Grand Canyon West ce, ƙasar ƙabilar Hualapai, ba ta cikin gandun gwamnati, kuɗin shigarta daban, kuma katin shekara ba ya aiki a can. Awa biyu da ɗan kai ce daga Las Vegas, wurin kallo ne fiye da tattaki. In bakin kudu kake so, ku tashi ranar farko da hantsi, ku taka shimfiɗaɗɗiyar hanyar bakin kwazazzabon da la'asar, ku kwana a Tusayan, garin da ke ƙofar gandun. Washegari Cedar Ridge da sassafe, da rana ku kama hanyar Zion ta garin Page. Rana ta uku Scout Lookout da safe, ku koma Las Vegas da yamma. Bryce ce za ta fita daga lissafi. Ɗakin Tusayan da na Springdale a kama su tun yanzu, Agusta cike suke.