Shawarwarin 'Yan Wasan Nima Kan Zagi A Zauren Hira

Matasan unguwannin Nima da Maamobi na birnin Accra masu buga wasan waya na Free Fire sun zauna kan zagin da ya addabi zaurensu na manhajar hira ta Discord. Ga abin da na tsinto.

Kowa ya yarda a liƙa doka a saman zaure: ba zagin uwa, ba gorin ƙabila ko addini. Wanda ya karya, shugaban zaure ya ja masa kunne a keɓe. In ya sake, a rufe masa baki na kwana ɗaya, tunda Discord na da wannan damar. Kora ita ce ta ƙarshe.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun mata. Wata ta ce da zarar an ji muryarta sai maganganun banza su fara zuba, dole ta kashe makirufo ta yi wasa shiru. Wani babban yaya ya ce, "Ƙanwata, daga yau ke ma kina cikin shugabanni." Ni ma ina ganin hakan ne daidai.

Kada a saka yaron da bai kai shekara 13 ba a zauren. Barazana ko neman hoton yaro kuwa, a ɗauki hoton saƙon a kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Ghana.