Gwarzon golf na shekara: ƙuri'ar 'yan wasa ce ta fi gaskiya ko lissafin maki?

Malam Sabi'u: Assalamu alaikum. Ga maganar da nake so mu baje a faifai. Kyautar gwarzon shekara ta PGA Tour, babban jerin gasannin golf na maza a Amurka, wadda aka sa wa sunan Jack Nicklaus, 'yan wasa ne da kansu ke kaɗa ƙuri'a su fitar da wanda za a ba, tun 1990. Ni na ce farin jini wannan ƙuri'a take aunawa, ba aiki ba. Hujjata 2019. Brooks Koepka ya ci PGA Championship a Bethpage, ya yi kunnen doki a na biyu a Masters, ya zo na biyu a US Open, ya yi kunnen doki a na huɗu a Open. Manyan gasa huɗu, bai fita daga huɗun farko ba ko sau ɗaya. Rory McIlroy bai ci ko ɗaya ba, a gasar Open da aka yi a Portrush ma, a gida Ailan ta Arewa, bugu 8 ya yi a ramin farko, ya tashi da 79, aka sallame shi bayan kwana biyu. Amma aka ba McIlroy kyautar. Wa zai kare wannan?

Nura: Wa alaikumus salam Malam. Kafin a yi nisa a raba wa mutane, don ana yawan cakuɗa su. PGA Tour daban, PGA of America daban. Ta biyun ƙungiyar ƙwararrun da ke koyarwa da tafiyar da kulob-kulob ce, ita ke shirya PGA Championship, kuma tata kyautar gwarzon shekara ta girmi ɗayar nesa ba kusa ba: tun 1948, Ben Hogan ne ya fara karɓa. Daga 1982 ta koma lissafin maki zalla. A 2019 ita Koepka ta ba.

Alhaji Garba: Ni zan kare, Malam Sabi'u. Ka ɗauko sati huɗu ka auna shekara da su. Kaka ai ba sati huɗu ba ce. McIlroy ya buga gasa 19, ya shiga goman farko sau 14. Ya ci Players, wadda kusan duk manyan 'yan wasa ke hallara a lokacin, ya ci Canadian Open, ya ci Tour Championship, kuma a rukuni ɗaya da Koepka ya buga zagayen ƙarshe na gasar a filin East Lake ya wuce shi. Shi ya fi kowa ƙarancin bugu a matsakaici, ya ɗauki kofin Vardon na mai ƙarancin bugu. Nasara uku da uku suka yi. Waɗanda suka yi zaɓen nan su ne suke tsayawa kusa da shi a fili mako bayan mako, su ga inda ƙwallonsa ke sauka. Gani ya kori ji.

Malam Sabi'u: Ranka ya daɗe, nasara uku da uku ne a ƙidaya, amma ba nauyi ɗaya ba. Ka tambayi kowane ɗan wasa a ɓoye, shekarar wa zai ɗauka a cikin biyun, ka ji.

Injiniya Bashir: Bari in ajiye lissafin a gabanku don kada mu yi ta jayayya a iska. Tsarin PGA of America a lokacin kafa uku ne. Kafa ta farko nasara: babbar gasa maki 30, Players 20, kowace gasar PGA Tour 10. Wanda ya ci manyan gasa biyu a shekara ɗaya ana ƙara masa 50, kowace ta bayan nan 25. Kafa ta biyu jerin kuɗi: na ɗaya 20, na biyu 18, ana sauka da bibbiyu har na goma ya samu 2. Kafa ta uku matsakaicin bugu, ita ma 20 zuwa 2.

To, 2019. Koepka: 30 na PGA Championship, 10 na CJ Cup, 10 na gasar Memphis, 50 ke nan. Shi ne na ɗaya a kuɗi, 20. Na huɗu a matsakaicin bugu, 14. Jimla 84. McIlroy: 20 da 10 da 10, 40. Na biyu a kuɗi, 18. Na ɗaya a bugu, 20. Jimla 78. Tazarar maki shida ce kawai. Wanda ya ce an yi wa Koepka fashi da rana tsaka ya duba wannan, ko a lissafin da ke fifita manyan gasa da ƙyar ya sha.

Alhaji Garba: Kuma Injiniya ka manta, dala miliyan 15 da McIlroy ya kwasa a East Lake ba a saka su a jerin kuɗi ba. A shekarar aka mayar da kuɗin Tour Championship garaɓasar kofin FedEx, na tseren maki na kaka gaba ɗaya, ba kuɗin gasa ba. Mutum ya ci gasa sukutum, ba a rubuta masa ko sisi ba.

Injiniya Bashir: Ban manta ba Alhaji. A sa su, ya hau na ɗaya a kuɗi ya koma 80, Koepka ya sauko na biyu ya koma 82. Har yanzu bai kamo ba.

Hajiya Rabi: Kun tsaya a 2019, alhali ba nan gizo ke saƙa ba. Wadda ta fi wuyar karewa 2021 ce, kuma ina so Alhaji ya kare ta in zai iya. An ba Patrick Cantlay a kan Jon Rahm saboda "nasara huɗu da ɗaya". To a buɗe huɗun nan. A Memorial, Rahm na gaba da tazarar bugu shida bayan rami 54, yana fitowa daga rami na 18 aka sanar da shi gwajin korona ya nuna yana ɗauke da cutar, dole ya janye. Washegari Cantlay ya ci. A Tour Championship kuma a lokacin ana fara wasa ne da rangwame: Cantlay ya fara da bugu 10 ƙasa da ma'aunin fili, Rahm da 6. Cikin rami 72 da aka buga a zahiri, Rahm ya fi shi da bugu uku, amma ya faɗi da ɗaya saboda rangwamen. Biyu daga cikin huɗun ke nan. A manyan gasa kuwa Rahm ya ci US Open a Torrey Pines, ya shiga goman farko a duka huɗun na 2021. Cantlay bai shiga goman farko ko a ɗaya ba, an ma sallame shi tun rabin hanya a Masters da Open. Rahm ne na ɗaya a kuɗi, shi ne na ɗaya a matsakaicin bugu. Idan "gani ya kori ji" ne, me suka gani?

Alhaji Garba: Hajiya, wannan kam ba zan rantse a kanta ba. Abin da suka gani shi ne makonni biyun ƙarshe: yadda ya kai ruwa rana da Bryson DeChambeau a BMW Championship, sai a rami na shida na raba gardama ya kayar da shi, sannan East Lake. Ƙuri'a na zuwa ne da ɗumin abin da ya faru jiya. Na yarda aibi ne. Amma kofi kofi ne, ba a rubuta "da ba don korona ba" a jikinsa.

Nura: Yadda ake zaɓen ma ya kamata a sani. Wakilan 'yan wasa a hukumar gudanarwa da majalisar ba da shawara ta 'yan wasa su ke tsayar da 'yan takara, sannan duk ɗan ƙungiya da ya buga aƙalla gasa 15 a kakar yana da ƙuri'a. Ku lura da abin da wannan ke nufi: mafi yawan masu zaɓen ba 'yan sahun gaba ba ne. Akwai da yawa da ba sa samun gurbi a Masters ko Open, rayuwarsu gaba ɗaya a gasannin mako-mako take. Mutumin da abincinsa ke nan, ba mamaki ya ɗaga darajar Players da FedEx, waɗanda mallakin PGA Tour ne. Manyan gasa huɗun nan babu ko ɗaya da take tasu. Tuwona maina.

Malam Sabi'u: Allah ya yi maka albarka Nura, ka faɗi abin da nake kewaye-kewaye a kai. Tun shekarar farko aka fara: 1990 Nick Faldo ya ci Masters da Open, 'yan wasa suka ba Wayne Levi mai nasara huɗu a gasannin gida.

Injiniya Bashir: A yi adalci, Faldo ba ɗan ƙungiyar PGA Tour ba ne a lokacin, a Turai yake bugawa.

Amma Malam kada ka ɗauka maki ba su da nasu ramukan. Na farko, na biyu a babbar gasa ba shi da maki ko ɗaya kai tsaye. Abin da ka buɗe muhawarar da shi, na biyun Koepka a Masters da US Open, tsarin da kake yabo bai ƙirga su ba sai ta ƙofar kuɗi. Na biyu, duk gasar da ba babba ba kuma ba Players ba maki 10 ce, ko manya hamsin na duniya sun hallara, ko suna can wata gasar an bar ƙanana su kaɗai. Na uku, nasara ɗaya ana biyan ta sau biyu, a kafar nasara da kafar kuɗi, kuma kuɗi ya danganta da aljihun mai ɗaukar nauyi ne ba wahalar fili ba. Kafar da ta fi tsabta ita ce matsakaicin bugu, don tun 1988 ana daidaita shi da abin da sauran 'yan wasa suka buga. Misali, ka yi 70 a ranar iska da matsakaicin kowa 74 ne, ya fi 67 a filin da kowa ke yin 68. Ita ma tana da sharaɗi mai cizo: zagaye 60 mafi ƙaranci don Vardon, kuma in ka janye a tsakiyar zagaye ka fita daga takara. A 2006 Tiger Woods ya fi kowa ƙarancin bugu, amma bai cika 60 ba, Jim Furyk ya ɗauki Vardon, Woods kuma ya tafi da kyautar Byron Nelson ta PGA Tour, mai sharaɗin zagaye 50. Rahm a 2021 ya tsira ne don ya kammala zagaye na uku kafin a janye shi.

Hajiya Rabi: Ramin farko da Injiniya ya ambata, mata sun daɗe da cike shi. A LPGA, jerin gasannin mata, gwarzuwar shekara maki ne zalla: nasara 30, ta biyu 12, ta uku 9, ta huɗu 7, a sauka har ta goma ta samu 1, a manyan gasa kuma a ninka. Kowa na ganin teburin tun farkon kaka, 'yar wasa ta san abin da take buƙata kafin ta ɗora ƙwallo a gasar ƙarshe. Da aka yi kunnen doki a 2017, Park Sung-hyun da Ryu So-yeon, dukansu 'yan Koriya ta Kudu, raba musu aka yi, ba wanda ya ce uffan. Kuma a can abin ba ado ba ne, kyautar na da maki ɗaya cikin 27 da ake buƙata don shiga zauren gwarazan LPGA. Abu mai irin wannan nauyi ba a barin sa a hannun wa ke gaisawa da wa a ɗakin sauya kaya.

Alhaji Garba: To ai su ma sharaɗin zagaye ya cije su, Hajiya. A 2021 Nelly Korda da Ko Jin-young sun fi Lydia Ko ƙarancin bugu, amma ba su cika zagayen da ake buƙata ba, kofin Vare na mai ƙarancin bugu ya tafi wurin Lydia. Lissafi ba ya jin uzuri. Ƙuri'a kuwa na iya duban abin da tebur ba ya gani.

Hajiya Rabi: Ta duba uzurin Rahm?

Malam Sabi'u: Hajiya ta gama da kai, Alhaji.

Nura: Akwai sauran biyu da ba a taɓo ba, kuma su suka fi damuna, don kuɗin LIV, jerin gasannin da ke kishi da PGA Tour, ya shigo ciki. A 2022 Cameron Smith ya ci Open a St Andrews da Players da gasar buɗe shekara a Hawai. A maki ya wuce Scottie Scheffler da biyu, ya ɗauki ta PGA of America. Kafin 'yan wasa su bayyana nasu gwarzon ya riga ya koma LIV, Scheffler ya samu kashi 89 cikin ɗari. Wannan ba zan ce zalunci ba ne, Scheffler ya ci Masters da wasu uku, ya riƙe matsayin na ɗaya a duniya. Amma tazarar maki biyu ta zama 89 cikin ɗari? Sai 2023: Rahm nasara huɗu har da Masters, Scheffler biyu ba babbar gasa. Rahm ya sanar da tafiyarsa LIV a Disamba, sakamako ya fito a Janairu, Scheffler ya ci da kashi 38. Ruwa ba ya tsami banza.

Injiniya Bashir: A 2023 ina bayan ƙuri'ar, Nura. Duk nasarorin Rahm huɗu tsakanin Janairu da Afrilu ya yi su, daga nan bai sake ci ba a shekarar. Scheffler ya shiga goman farko sau 17 a gasa 23, matsakaicinsa bai kai 69 ba, kuma daga bugun farko zuwa kan koren fili ba wanda ya kusance shi, bugun cusa ƙwallo a rami ne kawai ya ci amanarsa. Da na Mark Broadie ake aunawa, lissafin bugun da ka ci riba a kan sauran 'yan wasa, da ba a ma yi gardama ba. Marubutan golf na Amurka dai Rahm suka ba tasu, don haka ko masu kallo daga waje sun rabu.

Malam Sabi'u: To Injiniya, ka ga inda muka zo. A 2021 an ce nasara ce ma'auni, aka bar mai ƙarancin bugu. A 2023 an ce ƙarancin bugu ne ma'auni, aka bar mai nasara. Mutum ɗaya ne, Rahm, ya faɗi a duka biyun.

Alhaji Garba: Masu zaɓen ma ai ba su ɗaya ba ne daga shekara zuwa shekara, Malam. Wasu sun rasa katinsu na zama 'yan ƙungiya, sababbi sun hau.

Hajiya Rabi: Shi ya sa nake tambaya, Alhaji: kashi 38 ɗin nan, na mutum nawa ne? An faɗa mana kason, ba a faɗa mana nawa Rahm ya samu ba.